Baƙin Allona da Tagogin Madam

Shekara tara na yi ina buga tafireta a wani ofishin aikin gona da ke Gumel kafin kwamfuta ta shigo mana. Ofishinmu shi ke kula da malaman gona na yankuna huɗu: Gumel, Maigatari, Sule Tankarkar, da kuma Gagarawa, garin da aka yanke mini cibiya. Duk rahoton da ya fito daga ƙauyukan nan, na ruwan sama ne ko na fara ko na irin shuka, sai ya bi ta ƙarƙashin yatsuna kafin ya wuce sama. Ina iya cika shafi guda ina hira da mutum ban kalli madannai ba, kuma ina son a ga ina yin hakan.

Ba a daɗe da ba mu jihar Jigawa ba, wata rana motar ofis ta dawo da manyan kwalaye uku. Shugabanmu, wani dattijo mai sanyin magana da kowa ke kira Oga, ya sa aka kwashe tarkacen da ke cikin ƙaramin ɗakin ajiya, aka shimfiɗa leda, aka yi fenti. Mu da muka shekara muna roƙon a gyara mana fanka ba a gyara ba, ranar da na'urar ta zo aka ɗaura mata guda biyu. Oga ya kafa doka cewa ba mai shiga ɗakin da takalmi. Ni aka zaɓa aka tura Kano kwas na mako biyu, tunda ni ne mai tafireta.

Abin da yara yanzu ke kira babbar manhaja, wato tsarin da ke tafiyar da na'urar gaba ɗaya, namu sunansa DOS. Idan ka kunna, za ta yi ɗan gurnani, sai allo ya tsaya baƙi ƙirin. A kusurwar sama akwai harafi guda da wani ɗan gajeren layi yana ƙyafta ido. Shi ke nan. Ba hoto, ba ado, ba mai nuna maka hanya. Kai ne za ka rubuta mata abin da kake so da kalmomin da ta sani, ka danna, ta aikata. Idan ka kuskure ko da harafi ɗaya ne, sai ta ba ka amsa da layi guda cewa ba ta san wannan umarnin ba, ta koma ta yi shiru. Ba ta faɗa, ba ta rarrashi. Mahaifina haka yake, Allah ya ji ƙansa, shi ya sa tun a makon farko na ji na san halinta.

Na rubuta umarnan a wani ɗan littafi da ke zama a aljihun gaban rigata, na haddace su kamar yadda muka yi hadda muna yara. A kan keke, daga gida zuwa ofis, ina tafe ina bita: wannan na duba abin da ke cikin faifai, wannan na kwafa, wannan na gogewa, wannan kuma ba a taɓa shi sai da alwala don yana share komai. Kafin wata uku na daina buɗe littafin. Mutane kan leƙo ta taga su ga rubutu yana gudu a kan baƙin allo, ni kuwa ina zaune na haɗe rai kamar direban jirgin sama.

Abu ɗaya ne ya jawo mini rigima a lokacin. Wannan tsari ba ya yarda sunan da za ka ba wa takarda ya wuce harafi takwas. Gumel ba ta da matsala. Maigatari ta rasa wutsiyarta ta koma MAIGATAR. Gagarawa kuwa, ku ƙirga ku gani, takwas ce cif, kamar don ita aka yi dokar. Malamin gona na Sule Tankarkar, wani dogon mutum mai son raha, shi ne ya sha wuya. Ranar da ya kawo rahotonsa na ƙarshen wata ya tsaya a bayana, ya ga na rubuta SULETANK, sai ya dafa kujerata.

“Malam, ina sauran garin namu?”

Na ce, “Ba ya shiga. Na'ura ta ce sunan ya yi mata tsawo.”

“Amma naku ya shiga duka?”

“To ya zan yi? Ita ta san garuruwan da suka cika gari.”

Ya fita yana cewa sai ya kai ƙarata wurin hakimi, an mai da su tankin ruwa. Daga ranar, duk inda muka haɗu, ko a masallacin Juma'a ne, sai na ce masa mutumin Tanki, shi kuma ya ce mini bawan baƙin allo.

Haka na yi kusan shekara uku ni kaɗai ne sarkin ɗakin nan. Sai aka turo mana sabuwar ma'aikaciya da sabuwar na'ura a mako guda. Matar Kirista ce daga wajen Jos, mijinta yana sayar da kayan gyaran mota a kasuwar Gumel. Gajeriya ce mai fara'a, ga saurin magana, Hausarta irin ta can, mai daɗin ji amma ba ruwanta da lanƙwasa harshe. Kowa Madam yake ce mata, ita kuma ta ce mini Malam. Aka ajiye teburinta daura da nawa, fanka ɗaya tata, ɗaya tawa.

Ranar da ta kunna tata na'urar, har masinja sai da ya cire takalmi ya shigo kallo. Gajimare ya bayyana a kan allon, aka ji wani ɗan kiɗa, sannan ga fili kore shar da ƙananan hotuna a jere. Ta ce wannan shi ne Windows, wato tagogi. A gefen madannai akwai wani abu mai igiya kamar wutsiya da ta kira ɓera. Idan ta tura shi a kan tebur, sai wata 'yar kibiya ta yi tafiya a kan allo. Ta nuna hoto ta danna, taga ta buɗe. Ta sake dannawa, wata tagar ta hau kan ta farko.

Oga ya juyo ya ce, “Malam, ka ga wannan?”

Na ce, “Na gani, ranka ya daɗe. Ta yi kyau da yara.”

Madam ta yi dariya har da tafa hannu. Ta ce, “Malam, ba komai. Za ka zo.”

Na ce mata ba inda zan je. Daga nan aka buɗe musun da muka shekara muna yi, kullum da safe bayan gaisuwa, kamar shan koko.

Hujjojina a lokacin suna da ƙarfi, kuma har yau ban janye su duka ba. Na farko, tawa tana tashi kafin in gama gyara zama, tata kuwa sai ta kunna ta je ta gaisa da mutanen ofishin kuɗi ta dawo, tana nan tana nuna wata 'yar kwalbar yashi alamar a jira. Na biyu, mai buga rubutu hannunsa biyu a kan madannai ya kamata su zauna. Duk sanda ka ɗaga hannu ka kama ɓera, ka yi asarar kalma biyar. Na uku shi ne wuta. A Gumel ta wancan lokaci ba a sallama kafin a ɗauke wuta. Tawa idan wuta ta dawo sai ta tashi kamar ba abin da ya faru. Tata kuwa sai ta fara ƙorafi cewa ba a kashe ta yadda ya dace ba, ta tsaya tana binciken cikinta. Ni kuma in jingina da kujera in ce, “Madam, a ba ta haƙuri mana, ba da gangan aka yi ba.” Abin da ya fi ba ni dariya shi ne, idan za ka kashe ta, sai ka danna inda aka rubuta farawa. Na ce wanda ya tsara wannan bai taɓa sallamar baƙo ba.

Ita ma ba ta rasa nata ba. Ta ce tawa kamar shiga ɗaki ne cikin duhu kana lalube, sai wanda ya haddace inda kowace tukunya take. Tata kuwa an buɗe taga, kowa ya ga abin da yake nema. Ta ce ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni, ofis gaba ɗaya ya tsaya, don ba wanda ya san kalmomin da nake raɗa wa na'urata. Wannan gaskiya ne, kuma a raina daɗinsa nake ji, ko da yake ban faɗa ba. Mutumin Sule Tankarkar kuwa tun ranar da ta rubuta masa sunan garinsu cikakke, har da tazara a tsakani, ya koma bayanta da shi da duk zuriyarsa. Ya kawo mata ƙwaryar gyaɗa.

Da musun ya ishi Oga, sai ya ba mu shafi uku na rahoton shekara, ya ce kowa ya buga, a ga ƙarshen magana. Ma'aikata suka taru a bakin ƙofa. Na gama nawa, na fitar a firinta, na miƙa, har na sha ruwa, Madam tana nan tana jan ɓera. Can sai ga nata ya fito. Kan maganar da manyan haruffa, alƙaluman ruwan sama a cikin gidaje masu layi, sunan kowane gari da kauri. Abin da ta gani a allo shi ne ya fito a takarda, ba ƙari ba ragi. Oga ya riƙe nawa a hagu, nata a dama, ya daɗe yana dubawa.

Ya ce, “Na Malam ya fi sauri. Na Madam ya fi kyau. Sai dai a can sama ba sa tambayar wa ya riga gamawa.”

Ranar ban ci abincin rana da kowa ba. Amma washegari aka ɗauke wuta sau huɗu, na rama.

Abin da ya sauya zaman namu ba daga ofis ya taso ba. Duk na'urorin biyu ba su san haruffanmu masu ƙugiya ba, wato ƙ da ɗ da ɓ. Idan za mu fitar da sanarwa da Hausa, sai in buga ta a kan takardar sitansil, sannan in bi da tsinin allura ina yi wa kowane harafi ƙugiyarsa da hannu kafin a kai injin gurzawa. Aiki ne mai cin ido, amma na saba. Wata damina tsutsa ta faɗa wa wake, aka kawo magani, Oga ya ce a fitar da sanarwa a ranar, mota tana jira. Na buga cikin gaggawa, na bi layukan ƙasa da allura, na manta da babban layin da ke sama. Maimakon a karanta cewa za a raba maganin ƙwari, sai takarda ta fita tana cewa za a raba maganin kwari.

Yawancin mutane sun gane abin da ake nufi. Amma a wani ƙauye kusa da Gagarawa Tasha, takardar ta faɗa hannun kawuna, yayan mahaifiyata. Malami ne mai makarantar allo, kuma manomi. Ya koyi boko da girmansa, yana karanta shi yadda yake karanta littattafansa, harafi bayan harafi, ba ya yi wa rubutu zato. Bayan sallar Juma'a ya karanta wa jama'a, ya ce wannan magani na masu gona a kwari ne, masu gona a tudu kada su wahalar da kansu. Garin kuwa kusan duk tudu ne. Ranar rabo malamin gona ya zauna a gindin tsamiya da galan-galan, mutum shida suka zo.

An sake rabon a mako na gaba, wake bai lalace ba. Amma Kawu bai bar maganar ba. Ya hau motar haya ya zo Gumel, ya cire takalmansa a ƙofar ɗakinmu ba tare da an gaya masa ba, ya shigo da takardar a hannu. Na durƙusa na gaishe shi. Madam ta ba shi kujerarta.

Ya ce, “Kai ka rubuta wannan?”

“Ni ne, Kawu. Mantuwa ce.”

“Ka sa na yi wa mutane ƙarya a ƙofar masallaci. A wurinmu ɗigo ɗaya ne ya raba ba da nun. Wanda ya sa shi sama maimakon ƙasa ya canza magana, ba a ce masa ya yi mantuwa.”

Na yi masa bayanin allura da sitansil, na ce na'urar ce ba ta da haruffan. Ya dubi tawa, ya dubi ta Madam.

“Wacce ce a cikinsu ta iya Hausa?”

Na ce babu.

“To me kuke musu a kai? An ce mini kullum kuna musu. Ai duk biyun baƙi ne a garin nan.”

Bayan ya tafi, Madam ta ɗauki takardar tana jujjuyawa. Ta ce, “Malam, tsakani da Allah ni ban ga bambanci ba. Kwari da kwari, ba ɗaya ba ne?” Duka biyun iri ɗaya ta faɗe su. Na yi dariya har na ji haushin ya sauka. Na zauna na yi ta nuna mata yadda ake ɗaure maƙogwaro a fitar da ƙ, tana gwadawa tana tari.

Amma ita ɗin ce ta samo mafita. Bayan kamar mako biyu ta shigo da wata takarda da mijinta ya samo a kasuwar Maigatari, inda yake kai kaya duk Alhamis. Sanarwar rigakafin dabbobi ce daga tsallaken iyaka, da Hausa, kuma kowane ƙ da ɗ da ɓ yana ɗauke da ƙugiyarsa, ba ta hannu ba, ta inji. Ta ce wanda ya buga wani mutumin Damagaram ne da ke aiki da makiyaya, yana da ɗaki a bayan kasuwar. Ta ce tsarinta yana karɓar sababbin haruffa idan an kawo su a faifai.

Na ce, “Nawa fa?”

Ta ce, “Naka sai dai addu'a.”

Oga ya ba mu motar ofis ranar Alhamis. Tun daga nesa da gari muka shiga cikin garken shanu da raƙuma da ake korawa kasuwa, direba yana ta hon, wani rago ya leƙo ta tagar Madam. Da ƙyar muka sami ɗakin. Mutumin siriri ne mai farin gilashi, mutanen wurin suna ce masa Mushe, wato malam a bakin masu Faransanci. Ya ce mu zamna, ya ɗora shayi a kan gawayi, sannan ya buɗe wata jaka ya fito da na'urarsa. Ban taɓa ganin irinta ba. Akwati guda ce, allo da komai a haɗe, tana da wurin riƙewa a sama. Ya ce sunanta Macintosh, ya kira ta ordinatar tasa, wato kwamfuta da Faransanci. Da ya kunna, sai wata 'yar fuska ta bayyana tana murmushi.

Madam ta ce, “Kai, irin tawa ce! Ga tagogi, ga ɓera.”

Mushe ya ajiye butar shayi. Ya ce, “Madam, a gafarce ni. Taki ce irin tawa. Mu muka fara, ku kuka kwaikwaya, kuma ba ku gama kwaikwayon ba.” Ya ɗaga ɓeransa ya nuna mata cewa madanni ɗaya gare shi, don mai hankali ba ya buƙatar biyu.

Ban taɓa jin daɗin baƙo irin na ranar ba. Na gyara zama ina kallon Madam tana kare kanta da irin hujjojin da take hana ni kawowa. Sai ya juyo ya tambaye ni wacce nake aiki da ita. Da na faɗa masa, ya dube ni da tausayi kamar na ce masa da ƙafa na zo daga Gumel. Ya ce, “Har yanzu akwai masu wannan?”

Don in fanshi kaina, na ce ya ba ni wuri in nuna masa yadda ake buga rubutu. Na zauna, na ɗaga kai sama ina kallon rufin ɗaki yadda na saba, na buga sunan garinmu da saurin walƙiya. Na ji Madam ta fashe da dariya. Da na duba allo, abin da ke rubuce shi ne Gqgqrqzq. Ashe madannan Faransanci ba a jere suke kamar namu ba, an sauya wa wasu haruffa gida. Mushe ya cire gilashinsa yana share hawaye, ya ce wannan gari bai san shi ba, ko a Najeriya yake?

Da muka sha shayi zagaye na biyu, ya ɗauko wani faifai da aka ba su daga ofishinsu na Damagaram, mai ɗauke da haruffan iri biyu, na irin na'urarsa da na irin ta Madam. Ya karɓi namu faifan ya kwafa mana. Da ya gama, sai na ga ya kama hoton faifanmu da kibiya yana jan sa zuwa wani hoton kwandon shara da ke kusurwa. Ban san sanda na tashi na riƙe masa hannu ba.

“Mushe, don Allah! Daga Gumel muka zo saboda shi!”

Ya ce in sake shi in gani. Ya jefa hoton a kwandon, sai na'urar ta yi ɗan ƙara ta turo faifan waje lafiya lau. Wai haka ake fitar da faifai a wurinsu. A hanyar dawowa ni da Madam muka yi ittifaƙi, karo na farko tun zuwanta, cewa wannan ba tsari ba ne. Wa ke jefa abu a shara don ya dawo masa?

Washegari ta saka haruffan cikin na'urarta. Dabarar da masu abin suka yi ita ce, sun ɗora ƙugiyoyin a kan madannan da Hausa ba ta da aiki da su. Ka danna q, sai ƙ ya fito. Ka danna x, ɗ ya fito. Ka danna v, ga ɓ. Ta buga ƙwari, ta ƙara masa girma har ya cika rabin allo. Na tsaya a bayanta ina kallon ƙugiyar nan, ta lanƙwasa tsaf kamar wanda ya iya rubutu ne ya zana ta. Na koma kan tawa na gwada duk dabarar da na sani, na buɗe tsohon littafina har bangon baya. Babu.

Matsalar ita ce Madam ba ta jin inda ƙugiya take a magana, ni kuma ban iya ɓera ba. Oga ya ce ko dai in zauna kusa da ita ina nuna mata kowane harafi har ranar da zan yi ritaya, ko in koyi tata na'urar. Na kwana biyu ina tunani. A rana ta uku na zo da sassafe, na tsaya a gaban teburinta na ce, “Madam, ina son ki koya mini abin nan.”

Ta sa hannu a kunne. “Malam, fanka tana ƙara, ban ji ba.”

Sai da na faɗa sau uku, na ukun har masinja ya ji.

Koyon bai zo da sauƙi ba. Hannun da ya shekara goma sha biyu yana dukan madannai bai san lallashi ba. In tura ɓeran kaɗan, kibiya ta tsallake allo ta ɓace. In kai shi bakin tebur, wuri ya ƙare, kibiya ba ta kai inda nake so ba, sai in ci gaba da tura shi a iska. Dannawa biyu a jere kuwa ta fi komai ba ni wuya: in danna, in jira in ga abin da zai faru, sannan in sake. Madam ta ce, “Ba haka ba. Kamar kana buga ƙofar maƙwabci, ƙwas-ƙwas.” Da ta ga na fara gajiya, sai ta buɗe mini wasan karta da ke cikin na'urar, ta ce in riƙa jan katin ina ajiyewa, hannuna zai saba. Na ce ni ban taɓa karta ba a rayuwata. Ta ce wannan ba caca ba ce, darasi ne. Ina cikin darasin Oga ya shigo, ya tsaya a bayana ya daɗe, sannan ya ce, “Malam, jan bakwai ɗin can zai hau kan baƙin takwas.” Ya fita abinsa.

Cikin wata guda na fitar da sanarwa ta farko da hannuna, a kan yadda ake adana wake a rumbu. Ranar Asabar na kai wa Kawu kwafi guda har gida. Ya sa tabarau, ya bi ta da yatsa daga sama har ƙasa, yana tsayawa a kan kowace ƙugiya. Bai yabe ni ba, ba halinsa ba ne. Ya dai ce in ƙaro masa guda goma, kuma in gaishe masa da matar nan mai kujera.

Daga nan aiki ya rabu da kansa. Jerin sunayen manoma da alƙaluman ruwan sama, duk abin da ke son sauri, a kan baƙin allona nake yi, kuma ko Madam ta yarda a nan ba a kamo ni. Sanarwar Hausa da duk abin da za a kai gaban manya, a kan tata. Musu bai mutu ba, sai dai ya zama na mutanen da kowa ya san tuwon gidan ɗan'uwansa. Wata rana ma ta nuna mini cewa a cikin tagogin nata akwai wata ƙaramar taga da idan ka buɗe, baƙin allo ne a ciki da ɗan layinsa mai ƙyafta ido, kuma yana jin duk umarnaina. Ta ce, “Ka gani, mun ba shi ɗaki a gidanmu.” Na ce a'a, shi ne harsashin gidan, ku fenti ne kawai. Wannan ma mun yi mako muna ja.

Shekarar da ta biyo baya ta tafi hutun haihuwa, ta bar mini na'urarta amana na wata uku. Ta ja mini kunne kada in taɓa mata komai. Na riƙe amana, sai abu ɗaya. Koren filin nan yana sa mini ciwon ido, kuma a lokacin na riga na san inda ake canza shi. Na mai da shi baƙi ƙirin, na kwashe ƙananan hotunan na tara su a kusurwa guda.

Ranar da ta dawo, da jaririyarta a goye, matan ofis suka gama karɓar yarinyar suna yi mata wasa, ta zo ta zauna ta kunna na'ura. Gajimare ya wuce, kiɗa ya yi, sai allo ya tsaya baƙi. Ta ɗora hannu a ka.

“Wayyo, Malam, ta mutu?”

Na ce, “Ba ta mutu ba. Ta girma ne.”

Ta kama ɓera, ta ga kibiya tana motsi, ta gane abin da na yi. Ta yi dariya har jaririyar ta farka. Ta ce za ta mayar da korenta yanzu-yanzu, sai aka kira ta ofishin Oga ta sa hannu a takardar dawowa aiki, daga nan aka kawo rahoton Maigatari ana jira. Ranar ba ta samu ta canza ba. Da aka kwana biyu na tuna mata, ta ce in bar shi, idonta ya fi hutawa a haka, amma kada in kuskura in gaya wa mutumin Sule Tankarkar. Da ya zo ƙarshen wata, shi na fara tara da labarin a bakin ƙofa tun bai cire takalmi ba.